Tambaya da Amsa: Kumasi, Umara, da fasfon da ya kusa mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gwaggo a Zangon Kumasi, ta tsufa, ina so in je in gaishe ta ta mota, in na dawo kuma in tafi Umara da azumi. Fasfona saura wata biyar ya mutu. Sannan a fasfo an rubuta mini Mohammed, a NIN kuwa Muhammadu. Ina buƙatar biza zuwa Ghana? Da wanne zan fara? Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da ladan zumunci.

Ghana ba sai da biza ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. In ta Legas za ka bi, za ka ratsa Seme, Kwatano, Lome, ka shiga Ghana ta Aflao, kuma a kowace iyaka sai an buga maka hatimi. Ka tafi da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, domin a kansa ake yawan tsare matafiya. Ka yi allurar da gaske, aƙalla kwana goma kafin tafiya. Katin da ake sayarwa a tasha babu allura takarda ce kawai, sauro bai san ta ba.

Amma ni ba Kumasi ce ta dame ni ba, Umarar ce. Saudiyya na son fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, naka kuwa tun yanzu bai kai ba. Dole ka sabunta, kuma a nan ne zancen suna zai taso. Hukumar Shige da Fice ba ta ba da fasfo sai da NIN, kuma bayanan da ke NIN ɗin su take ɗauka. In sunaye suka saɓa, aikin tsayawa yake yi. Wannan matsala ta cika mu, mu 'yan Arewa: mutum ɗaya Muhammadu ne a firamare, Mohammed a banki, Muhd a lasin tuƙi, ranar haihuwa kuma kowane magatakarda da tasa. Shawarata, tun da sunan Mohammed ne a fasfonka, ka nemi hukumar NIMC, mai ba da NIN, ta gyara NIN ɗin ya dace da fasfo. Gyaran na cin lokaci, shi ya sa da shi za ka fara, gobe-goben nan.

Kuɗin kuwa, daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Mai bin hanyar mota hatimi ke cinye masa shafuka, don haka in aljihu ya yarda ka ɗauki babban. Ka cike takardun ka biya a shafin hukumar na intanet da kanka, ko wani ɗanka ya taya ka. Kada ka miƙa wa dillalan bakin ƙofa tsabar kuɗi.

Tunda gwaggo ta tsufa, ka shigar da batun gyaran sunan, ka je ka gaishe ta da tsohon fasfon tun yana da rai, in ka tabbatar za a karɓe shi a iyaka, in ka dawo ka sabunta.