Wata biyar da ajiye sigari, ƙawar ba ta tafi ba

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce shekara 22 kana shan kwali guda a rana, yau wata biyar ke nan da ka ajiye, amma da ka gama cin abinci ko aka ɗora shayi a fada, wato majalisar abokai, sai ƙawar ta taso maka kamar jiya ka bari. Kana so ka san ko za ta wuce, da kuma ko kara ɗaya jefi-jefi zai yi lahani.

Za ta yi ta raguwa har ta zama sai ka manta ta leƙo. Batun kara ɗaya kuwa, kada ka soma.

Abin da ke damunka yanzu ba ragowar nikotin ba ne a jini, wato sinadarin taba mai kama mutum. Duk bayan kamar awa 2 rabin nikotin ɗin da ke jiki yake fita, cikin ƴan kwanaki babu saura. Wahalar rabuwa da shi, wato saurin fushi, ciwon kai, rashin barci da kasa natsuwa, ta fi tsanani a kwana na 2 da na 3, ta lafa cikin sati 2 zuwa 4. Wannan gaɓar ka wuce ta tuntuni. Abin da ya rage sabo ne. Yi lissafi: kara 20 a rana, kowane kara zuƙa kamar 10, zuƙa 200 ke nan, 73,000 a shekara, a shekara 22 sun haura miliyan ɗaya da rabi. Kowace zuƙa tana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗaure wannan daɗin da duk abin da ke gefensa: ƙoshi, ƙamshin gawayi, kofin shayin farko, bencin da kake zama, hirar ƙwallo, ɓacin rai. Yanzu da ɗayansu ya bayyana sai ta tambayi abokin tafiyarsa.

Ɗaurin nan ɗaya bayan ɗaya ake kwance shi. Ka samu takarda, sati guda kana rubuta duk lokacin da ƙawar ta zo: ƙarfe nawa, a ina, da wa, me ka gama yi. Yawanci za ka tarar wurare uku ne ko huɗu suke maimaita kansu. Kowanne sai ka shirya masa abin yi tun kafin ya zo, domin in ta riga ta taso ba lokacin shawara ba ne.

Bayan cin abinci, kada ka zauna a inda ka ci. Da ka wanke hannu ka miƙe, ka sa asuwaki, ka taka ko zuwa bakin titi ne ka dawo. Ƙawa tana tasowa ta kai ƙarshe ta sauka cikin ƴan mintoci, galibi 3 zuwa 5, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka kawai ka cinye waɗannan mintocin. Ruwan randa a kurɓa a hankali, kanumfari ɗaya a baki, carbi a hannun da ya saba riƙe kara, duk suna aiki.

Fada ta fi wuya, don can ga hayaƙi ga masu miƙo maka. Ba sai ka ƙaurace wa abokanka ba, amma ka canza wurin zama, ka koma inda iska ba ta kawo maka hayaƙi, ka kuma faɗa musu a fili, gaban kowa, cewa kada wanda ya sake yi maka tayi. In ka ce "na ɗan huta ne", gobe ma za a miƙo. Ka ce "ba na sha". Ashana ko birike kada su kwana a aljihunka, kuma in akwai mai teburin da ya saba ba ka kara ɗaya bashi, bi wata hanyar.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da shayin kansa. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi, Nescafé da goro. Da ka bar sigari wannan saurin ya tsaya, kofin da ka saba sha sai ya yi maka aikin kusan biyu. Bugun zuciya, rawar hannu, kasa barci, sai ka ɗauka taba jikinka yake nema. Rage shayinka da goronka zuwa rabi, ka bar na farko mai ɗaci ka jira na uku, bayan magariba kuma ka haƙura. Haka wasu magunguna suke, musamman na asma irin teyofilin da wasu na taɓin hankali: mai shan su ya gaya wa likita ya bar taba don a duba awon.

Kara ɗaya yana farkar da duk ɗaurin da ka yi wata biyar kana kwancewa, kuma mafi yawan masu komawa ta nan suke komawa. Shisha ma taba ce, ruwan tulun ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi a kai. Tabar gari da ake taunawa da kanwa ita ma ba mafita ba ce, kanwar ƙara wa nikotin saurin shiga jini take yi, ga cutar dasashi da dajin baki. In ranar ta ɓaci har ka ga za ka saya, gara cingam ɗin nikotin mai miligiram 2 daga farmasi. Ba kamar cingam ake tauna shi ba: ka ɗan tauna har ka ji yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake, kamar minti 30. Kada ka sha shayi ko lemo minti 15 kafin nan, suna hana shi shiga.

Ga ƴan uwa da ke karantawa ba su kai ga bari ba: mai shan fiye da kara 10 a rana, filastar nikotin da ake mannawa a fata ta miligiram 21 ake farawa da ita sati 6, sai ta 14 sati 2, sai ta 7 sati 2. Ƙwayoyin barin taba irin bareniklin da bufurofiyon sai da takardar likita, na biyun kuma mai farfaɗiya ba ya shan sa. Azumi dama ce babba, amma a lura da minti goman farko bayan buɗa-baki, nan ake faɗuwa.

Ƙarin kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko ba abin mamaki ba ne. Ka rage sukarin shayi, in baki na son motsi ka ba shi aya ko goriba maimakon alawa. Tari kuma yakan ɗauki watanni kafin ya washe, ƙurar hunturu tana ƙara ja masa lokaci. Amma in ya wuce sati 2 tare da rama, gumin dare ko jini a majina, ko kana jin ƙirji na matsewa in ka yi tafiya, kada ka ɗora wa barin taba. Ka je asibitin unguwa ko babban asibitin Damagaram a auna majina a duba ƙirjin.