Yaya, ga yadda maƙwabtanmu na Bronx suka ɗauki haihuwar tiyata

Yaya, na ji saƙonki, Allah ya raba lafiya. Kin ce likita ya ce autarki sai an yi mata aiki, uwar mijinta kuma ta fara habaici wai su a gidansu mace da kanta take haihuwa. Kika tambaye ni ko gaskiya ne a nan mata zaɓen ranar haihuwa suke kamar ranar ɗaurin aure.

Ni dai shekara 14 ke nan ina zaune a Bronx, wani yanki na birnin New York a Amurka, kuma yawancin waɗanda muke haɗa bene da wurin aiki matan Latino ne masu jin Sifaniyanci: 'yan Dominika, 'yan Fotoriko, 'yan Meksiko, da ɗaiɗaikun 'yan Gwatamala. Su zan ba ki labari, don su na sani ciki da bai.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rashin ɓoye-ɓoye. Wata rana muna cin abincin rana mu biyar, hira ta gangaro kan haihuwa, sai wata 'yar Dominika ta ɗaga riga ta nuna mana tabonta, ɗan siririn layi a ƙasan mara, tana dariya wai ta nan duka ukun suka fito. Cikin huɗun nan uku an yi musu. Ni ce ma na sunkuyar da kai. Sesariya suke ce masa, kuma ba a rage murya in za a faɗa. A ƙasarsu, Jamhuriyar Dominika, ƙididdigar 2014 ta nuna kusan kashi 58 cikin 100 na jarirai ta tiyata aka ciro su, a Fotoriko kusan rabi, a Burazil fiye da rabi, asibitocin kuɗi na can ma sun haura kashi 80. Nan Amurka kusan 32 ne. Mu kuwa a Najeriya ƙididdigar 2018 ba ta wuce kashi 3 ba. Yarinyar da aka yi wa uwarta da innarta da yayarta, wa zai ce mata raguwa?

Amma kada ki ɗauka duk son ransu ne. Naƙuda kan ci yini guda, aiki kuwa bai cika kai awa ɗaya ba, likitan kuɗi ya fi son abin da zai sa wa rana da lokaci. Da yawa kuma gudun ɗakin haihuwar gwamnati suke, inda mace ke kwana ita kaɗai, babu maganin zafi, ga tsawa. Abin ya kai Benezuwela ta sa cin zarafin mai naƙuda cikin laifukan doka a 2007. Sannan in an yanka sau ɗaya, galibi haka za a ci gaba. Wasu kuma da gangan suke nema a haihuwar ƙarshe don a haɗa da ɗaurin mahaifa, a yi ta ta ƙare.

Matan ƙauyen Meksiko da Gwatamala kuwa kamar ke ce ke magana. A hannun ungozoma suka taso, partera a bakinsu. Tsoron wuƙa suke, tsoron allurar baya suke, sun yi imani ita ke barin mace da ciwon baya har tsufa. Kuma akwai lissafin tukunya: matar da ke goge-goge a gidajen mutane ko tsayuwa a kicin ɗin gidan abinci, mako shida a kwance ba ƙaramar asara ba ce. 'Yan Meksiko in mace ta haihu cewa suke ta samu sauƙi, kusan yadda muke cewa ta sauka.

Inda na ga hawaye na gaske ba a kan yankan ba ne. Wata maƙwabciyata 'yar Gwatamala, harshen Mam ne nata, Sifaniyancin ma tsinta-tsinta take. Da dare bugun zuciyar ɗan ya sauka, aka miƙo mata waya da tafintan Sifaniyanci, aka miƙo takarda, ta sa hannu. Da na je barka ta riƙe hannuna tana tambaya ko an cire mata wani abu, ko za ta sake haihuwa. Babu abin da aka cire, ɗan lafiya lau, amma kwana uku tana cikin wannan zullumi don ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Tsoron nan yana da tushe. A Los Angeles an taɓa ɗaure wa matan Meksiko mahaifa da takardar Turanci da suka sa wa hannu suna tsakiyar naƙuda, goma daga cikinsu suka kai ƙara, suka sha kaye a kotu a 1978. Iyayensu mata ba su manta ba.

Jegonsu zai ba ki dariya don kama da namu. Kwana 40 cif, kwarantena suke kiransa. Mai jego ba ta shan sanyi, ba ta ɗaga kaya, safa a ƙafa ko da zafi ake, wasu har auduga a kunne kada iska ta shiga. Romon kaza safe da yamma, da wani kunun masara da suke kira atole. Uwa takan taso tun daga ƙasarsu ta zo ta zauna. Wadda aka yi wa aiki ma ta fi samun lele, ba na jin ana yi mata gori.

In kin tambayi ra'ayina, su sun yi yawa, likitocinsu ma na faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 1985 ta ce kashi 10 zuwa 15 ya wadatar. Mu kuma namu ya yi kaɗan ƙwarai, kin fi ni sanin 'yan matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari don an tsaya jiran rubutu ya yi aiki ko maigida ya dawo ya sa hannu.

Don haka ki raka ta da kanki, ki sa likita ya faɗa mata dalili da Hausa har ta gane, mijin kuma ya sa hannu tun kafin ranar. Ku tanadi mai ba da jini. Kada a ɗora tukunyar wankan jego ko a gasa mata ciki sai an tambayi likita batun ɗinkin. Akwai ɗamarar ciki da matan nan ke ɗaurawa, faha, zan ba mai tahowa Kano wata mai kamawa, in likita ya yarda ta sa. Ki auno mini ƙugunta.