Kafin ka ɗauki hanyar bakin teku

Ɗana,

Saƙonka ya same ni bayan la'asar. Na karanta na yi dariya, da na sake karantawa sai dariyar ta tsaya. Ka ce ka samu hutun kwana huɗu, kai da iyalinka za ku bi gaɓar teku a mota, kuma da gangan ka zaɓi lokacin da 'yan yawon buɗe ido suka watse. Sannan kake tambayata, wai al'adar nan ta matafiya, ta barin wa wani babba labarin hanyar da za a bi da inda za a kwana, da ta cewa kada rana ta faɗi mutum yana kan hanya, har yanzu dole ce, tunda ga waya ga taswira a cikinta? "Tunda ga waya" ɗin nan shi ya ba ni dariya. Teku da ka ambata kuwa shi ya hana ni barci da wuri.

Ban ga laifin lokacin da ka zaɓa ba. Hanya taka ce kai kaɗai, masauki babu cunkoso, mutanen gari suna da sararin zama su yi hira da kai. Sai dai ka tambayi kanka abin da ya kori jama'ar. A wasu wuraren damina ce, a wasu hunturu ne da gajeriyar rana, a wasu iska ce da hazo. Idan jama'a suka tafi, abubuwa da yawa suna bin su: masaukai su rufe, jirgin fito ya rage sawu, masu ceto da ke zama a bakin ruwa su naɗe kayansu. Shirun da kake sha'awa yana nufin in ka makale, babu mai wucewa.

Ina ɗan shekara 24 na yi irin tafiyar nan. Mu uku ne a wata tsohuwar Peugeot 404, ni ke tuƙi, kuma lokaci ne irin wanda ka zaɓa. A rana ta biyu muka kwana a wani ƙauyen masunta. Da safe aka ce mana akwai wani tsibiri a gaba da ake shiga da mota ta kan rairayi idan ruwa ya janye. Muka leƙa, ga yashi shimfiɗe har iya ganinka, jiƙaƙƙe, mai tauri kamar daɓe, ga sawun tayar wata mota da ta wuce. Teku kuwa yana can nesa, siririn layi kawai yake ƙyalli.

Wani dattijo yana zaune a gindin kwalekwale yana ɗinkin koma. Abokina, wanda mahaifinsa ya hore shi da cewa baƙo ko yana da ido makaho ne, ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa inda za mu. Dattijon bai ɗago ba sai da ya ƙulle zarensa. Ya dubi sama, ya dubi ruwa, ya ce jiya wata ya cika, in za mu je mu tafi yanzu, kuma kada inuwa ta karkata ba mu dawo ba. Abokina ya ce masa in sha Allahu kafin azahar muna nan. Ni a raina gani nake tsoho ne kawai da son magana.

Muka je, wuri ya yi mana daɗi, muka shantake. Sai da azahar ta gota muka juyo. Da farko babu abin da ya canja sai 'yan kwararo-kwararo na ruwa da suka bayyana a kan yashin, ba su kai idon sawu ba. Na ratsa na farko, na ratsa na biyu. A na uku tayar baya ta nutse. Na ba ta wuta, ta ƙara binne kanta har ƙarfen ƙasa ya zauna a kan yashi. Muka fito muna tono da hannu, duk ramin da muka haƙa ruwa ya cike shi. Muka sa jak, jak ɗin ma ya nutse. Abin da ba zan manta ba shi ne ruwan bai zo da ƙara ba. Ba wata igiya, ba wani ruri. Na sunkuya ina tono yana idon sawuna, na ɗago na ga ya kai ƙwaurina, kuma da na waiwaya sai na ga ya riga ya zagaye ta bayanmu, tsakaninmu da tudu. Ɗayan abokin namu ya fara salati da ƙarfi.

Can muka hango mutane suna tahowa a guje, sun kai goma, da igiya da katakai a kafaɗa, dattijon nan yana biye da su yana ɗingishi. Ashe da ya ga azahar ta wuce bai ga ƙurarmu ba, shi ya tashi samarin. Suka sace iskar tayoyin, suka cusa katakai, suka ɗaga bayan motar da ƙarfin tsiya, wasu na ja wasu na turawa. Lokacin da muka taka busasshiyar ƙasa ruwa ya riga ya shiga cikin motar ya jiƙa tabarmin ƙafa. Kafin la'asar sakaliya, wurin da muka tsaya ya zama teku, ko alamar sawunmu babu. Dattijon bai yi mana faɗa ba. Ya ce mu nemi ruwan daɗi mu wanke ƙarƙashin motar a ranar, don gishiri ba ya barin ƙarfe. Mun wanke, amma duk da haka tsatsa ta cinye ta kafin shekara biyu.

Daga baya na zauna na koyi abin da tsohon nan ya karanta a sama. A yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa kowace rana lokacin yake ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wanda ya haddace lokacin jiya ya shiga da shi yau, ya yi kuskure. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi, kuma cikowar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Daga janyewa zuwa cikowa awa shida ne da 'yan mintuna, amma ba daidai yake tafiya ba: a hankali yake farawa, sannan rabin ruwan gaba ɗaya ya shigo a awa ta uku da ta huɗu. A cikinsu muka faɗa. Wurare ma sun bambanta. A Bahar Rum da ƙyar za ka lura da shi, a mashigin Fundy na Kanada kuwa yana kai mita 16. A Faransa akwai wata hanyar mota mai tsawon kilomita huɗu da 'yan kai zuwa tsibirin Noirmoutier, teku yana rufe ta sau biyu kullum, har sai da aka kakkafa hasumiyoyi a gefenta don waɗanda ruwa ya rutsa da su su hau.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce matambayi ba ya ɓata. In za mu yi tafiya yakan zaunar da mu ya ce mu lissafa masa zango-zango, in muka yi gaggawa ya ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. A lokacin takura muke gani. Yanzu da na kai shekarunsa na gane shi yana son ya san ta inda zai fara nema ne.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, sai mutum ya shiga gari ya fita bai gaisa da kowa ba, kansa a sunkuye yana bin muryar waya. Waya tana da amfaninta, ban musa ba, har jadawalin cikowar teku za ta nuna maka, kuma ka duba shi kowace safiya. Amma ba ta san kwalbatin da ruwan jiya ya tafi da shi ba, kuma a irin waɗannan lunguna sabis yakan ɗauke. Ko da tana aiki, ba za ta duba inuwa ta ce yaran nan sun daɗe ba.

Kwana huɗu ba yawa, don haka kada ka cika su da garuruwa. Hanyar gaɓa kwana-kwana ce, nisan da kake gani kaɗan a taswira sai ya ci maka wuni. Ka bar rana ɗaya ba komai a cikinta, saboda ruwan sama ko hazo. Ka kira masauki ka ji muryar mutum kafin ka dogara da shi. Tankinka ya sauka rabi, ka sha mai a gidan man farko da ka gani. Ka duba safaya da waifa da birki tun a gida. In ka tarar ruwa yana gudu a kan kwalta, ka juya, domin mai zurfin santimita 30 ya isa ya ɗauke ƙaramar mota. Yaran kuma kada su shiga ruwa inda ba mai tsaro, ko da ya kwanta lumui.

Maganar tuƙin dare kuwa, sai ka zo mu yi ta baki da baki, don ita ma tana da nata labarin. Kafin nan ka rubuto mini sunayen garuruwan da za ku kwana, da ranar kowanne. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan yaran.

Kawunka