Tambayoyin Masu Karatu: Ina Masu Kaset na Kano Suka Shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Fagge ne, aiki ya riƙe ni a Fatakwal shekara da shekaru. Da na zo hutun Sallah, na ɗauki ɗana don in nuna masa wuraren da muka yi ƙuruciya: shagon mai kaset da muke tsayawa in an tashi daga makaranta, da gidan gem na layinmu, da bakin silimar Plaza. Shagon kaset ya koma wurin cajin waya, gidan gem ya zama sito. Yaron yana ta kallona kamar mai yi masa tatsuniya. Me ya cinye waɗannan wurare? Sannan akwai kwali guda cike da kaset ɗin mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, a ɗakin Hajiya. Ƙannena sun ce a zubar. Me ka gani?
Mai karatu, daga Fatakwal

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tun kafin mu yi nisa, ka kira ƙannenka yau ka ce kada wanda ya taɓa kwalin nan.

Ɗanka yana da uzuri, domin wanda bai ga shagon kaset ba zai yi wuya ya gane abin da ake yi a cikinsa. Lasifika ce a bakin ƙofa tana tashi tun hantsi, kaset jere a kanta har rufi, mai shago yana zaune bayan dek mai baki biyu. Ka sayi emti, wato kaset ɗin da ba a ɗauki komai a kansa ba, TDK ko Sony, mai minti 60 ko mai 90, ka rubuta waƙoƙin da kake so a 'yar takarda, ya ce ka dawo gobe bayan La'asar. Fuska ɗaya Shata ko Ɗanƙwairo saboda Baba, ɗaya fuskar Indiya ko Bob Marley saboda kanka. A kantar nan guda za ka ga Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji da Barmani Choge, ga waƙoƙin Sudan, ga ƙira'ar Abdulbasit, ga tafsirin azumin da ya wuce na Malam Abubakar Gumi ko Shehu Ɗahiru Bauchi. Wanda ya zo neman wa'azi da wanda ya zo neman kalangu kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa.

Mai kaset ɗin unguwarmu kunnensa ya fi kayan shagonsa daraja. Ka rera masa baiti ɗaya da ka tsinta a Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, ko da ka karya shi, zai miƙa hannu ya zaro kaset ɗin ba tare da ya waiwaya ba. In ya ga ka cika son abu ɗaya, sai ya ce, "Kai yaro, zauna ka ji wannan tukuna." A bakinsa na fara sanin cewa kukuma daban, goge daban, kuma waƙar fada ba a jin ta da gaggawa. Bai taɓa korarmu don ba mu sayi komai ba.

Abin da ya cinye su kuwa ba abu ɗaya ba ne, kuma ba rana ɗaya aka yi ba. Kaset ya fara ja da baya ne da shigowar faifan CD da VCD masu araha a farkon shekarun 2000, amma wannan bai rufe shaguna ba, kaya kawai aka sauya. Kasuwar Ƙofar Wambai ma a lokacin ta fi cika, domin ita ce cibiyar dillancin finafinan Hausa, daga can ake lodi zuwa Zinder da Maraɗi da Agadas. Wayar hannu ce ta yi aikin. An fara GSM a Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru sai ga waya mai memori da Bluetooth. Yaro da kwamfuta ɗaya a ƙarƙashin lema zai tura maka waƙoƙin da suka fi na shago guda yawa, a kuɗin da bai kai na emti ɗaya ba. Ciniki ya koma wajen masu tura waƙa da kasuwar waya ta Farm Centre. Su ma ɗin yanzu YouTube da data suna cin kasuwarsu.

Akwai gaskiyar da bai kamata bege ya rufe mana ido a kanta ba: yawancin abin da ake yi a shagunan nan kwafi ne. Makaɗin da muke rububin muryarsa sau da yawa ko sisi ba ya gani daga cinikin. Sana'ar da ta tsaya a kan kwafi, ranar da kwafin ya zama kyauta ba ta da wurin dafawa.

Silima labarinta ya ɗan bambanta. Tun asali ba ta samu karɓuwa a wajen iyayenmu ba. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta kashe mutum sama da 300, ta bar tabo a zukatan Kanawa, har mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Duk da haka Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba da Wapa sun yi zamaninsu, fim ɗin Indiya da na Chana suna cika su maƙil. Bidiyo ya shigo gida, fim ɗin Hausa ya tashi a kaset daga 1990, mata da yara suka samu abin kallo a tsakar gida, mai gida ma ya zauna. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, sharuɗɗa suka ƙaru. Sannan filin silima fili ne babba a tsakiyar gari, kuma mai fili ya lissafa ya ga rukunin shaguna ya fi tikiti kawo kuɗi. Yau in ka ce Wapa, canjin Dala da Riyal ne ke zuwa ran matashi.

Sai abin da mutane ke mantawa in ana wannan hira. Harin Boko Haram na 20 ga Janairu, 2012 ya sauya daren Kano. Dokar hana fita, shingaye a kan tituna, sannan hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013. Uba ya daina barin ɗansa ya kai goma na dare a waje, kuma yana da hujja. Gidan gem da teburin sunuka da na tenis da yamma da dare suke ci. Ga kuɗin man janareto, ga gem ɗin ya dawo cikin wayar kowa. Da aka samu lafiya, wurare da yawa ba su sake buɗewa ba.

Ba na cikin masu cewa yaran yanzu ba su da wurin haɗuwa. Je ka gidan kallon ƙwallo ranar da Arsenal ke wasa, ko teburin mai shayi bayan Isha'i, ko Ado Bayero Mall da yammacin Asabar. Abin da ke damuna shi ne kusan ko'ina yanzu sai da kuɗi a aljihu ake tsayawa. Bakin shagon kaset kuwa ɗan mai kuɗi da ɗan mai faskare duk kyauta suke jin waƙa, kuma akwai babba a wurin da ya san uban kowa, wanda zai tsawatar in an yi ba daidai ba. Irin wannan wurin ne ya yi ƙaranci, shi nake jin zafin rashinsa. Ban manta ba kuma cewa wuraren nan na maza ne. 'Yan'uwanmu mata nasu begen yana wajen shagon hayar littattafan soyayya da dandalin gaɗa, kuma ina fata wata daga cikinsu za ta rubuto mana.

Yanzu kwalin. Ka zauna ka ware shi gida biyu. Kaset ɗin kamfani mai hoto a jiki, mai yiwuwa akwai irinsa a wani wuri. Wanda aka rubuta wa suna da biro shi ne dukiyar: wasan da wani makaɗi ya yi a gidan biki aka ɗauka da rikoda, karatun malamin unguwa, shirin rediyo, ko saƙon murya, domin mutanen da suna yi wa 'yan'uwansu da ke Makka ko Kurmi magana a kaset su aika. Kana iya samun muryar mahaifinku a ciki. Shata ya rasu a 1999, kuma waƙoƙinsa da yawa ba a situdiyo ya yi su ba, a hannun mutane irin mahaifinku suka rage.

Ka fitar da kwalin daga inda zafi ko damshi ke kai masa, ka nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta yana lalata sauti, ka jera kaset ɗin a tsaye. Kada ka fara gwaji da wanda ka fi ji da shi. Nemi tsohuwar rediyo mai kaset, ka kai wa mai gyara ya sauya mata bel ya goge kan da sifirit, ka gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, don rediyon da ta daɗe a ajiye tana cin zare. Kowane kaset ka zagaya da shi gaba da baya har ƙarshe kafin ka kunna. Wanda ka ga fari-farin fumfuna a zarensa, ware shi gefe, kada ya shiga rediyon. In zare ya tsinke ana liƙa shi, in kwanson ya fashe ana mai da zaren cikin wani kwanson.

Daga nan sai a haɗa rediyon da kwamfuta da 'yar igiyar sauti, a ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Aikin yana cin lokaci, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa. Ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowane kaset, ka kuma zauna da Hajiya tana saurare tana gaya maka bikin wa ne, wace shekara, muryar wa ce. Wannan ɗanka zai iya riƙe maka biro ya rubuta. In ka ci karo da abin da ka ga ya wuce na gida, ka tuntuɓi Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, ko Arewa House a Kaduna, ko masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero, ka ba su kwafi, asalin ya zauna a hannunku.