Ejan na neman miliyan biyu don ya kai ɗana aiki Saudiyya, in taɓa jarina?

Tambaya: Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Ɗana ya gama difloma, shekara biyu ke nan yana zaune. Wani ejan ya ce in ba shi naira miliyan biyu ya samo masa aikin tuƙi a Riyad. Daga jari kuɗin za su fito. In bayar?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Ka fi ni sanin dillali: sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada. A harkar ɗaukar ma'aikata kuwa, mai neman ma'aikaci shi ke biyan ejan. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997, Najeriya kuma ta amince da ita a 2023, ta ce a ƙa'ida kamfanin samar da aiki ba ya cajin mai neman aiki. Kuɗin fasfo da gwajin lafiya, yaron ya je ya biya da hannunsa, ya karɓi rasit.

Ka ce ejan ɗin ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Da yawa takardar CAC suke zarowa, alhali ita rajistar kamfani ce kawai, mai gidan burodi ma yana da ita. Ka ɗauki sunan kamfanin ka je ofishin ma'aikatar da ke Kano ka tambaya.

Sai biza, kuma nan ne aka fi cutar mutanenmu. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki. Wanda aka shigar da ita, da wa'adi ya cika ya zama ɗan takari: ba igama, wato takardar izinin zama, yana ɓuyar askarawa, in aka danne masa albashi ba inda zai kai ƙara. Dole ta kasance bizar aiki, da kwantiragi a rubuce mai sunan kafili, wato wanda zai ɗauke shi aikin, albashi riyal nawa, masauki a kan wa, da wanda zai biya tikitin dawowa. Ku sami mai jin Larabci ya karanta muku kafin a sa hannu.

Shi ma yaron da nasa. Ya faɗi gaskiyar abin da ya iya, don in ya ce direba ne za a gwada shi. Kwafin takardun makaranta zai bayar, na asali su zauna gida. Kada kuma ya rataya ga ejan ɗaya, akwai masu samar da aiki a Kano da Abuja, ya aika musu.

Ejan na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In naka ya fara cewa gurbi ɗaya ya rage, a turo kuɗi yau ta asusunsa na kansa, bar kuɗinka a atamfa, sallah na tafe. In ya riga ya karɓi fasfon yaron ya ƙi mayarwa, ku kai maganar hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.