Sabar ta yi nauyi bayan goge sinafshot: diski ne ko me?

Ɗan'uwa, ka ce ka goge tsofaffin sinafshot (hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci) kusan 200 a lokaci guda a kan ZFS, tsarin ajiye fayiloli na sabarka, umarnin ya dawo cikin daƙiƙu, amma tun daga nan sabar ta yi nauyi, wurin da ka sa ran zai buɗe kuma shiru. Kana tambaya ko diski ne ya fara mutuwa. Ina kyautata zaton diskinka lafiyarsa ƙalau. Gogewar ce ba ta ƙare ba.

ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bulo, wato guntun bayanan da ke kan diski. In fayil ya canza, sai ya ajiye sabon a wani wuri dabam. Sinafshot kuwa ba kwafi ba ne, riƙo ne kawai da ke hana a saki tsofaffin bulolin, shi ya sa ɗaukarsa kamar ƙiftawar ido. Ranar gogewa ake biyan bashin. Dole tsarin ya bi bulolin, ya ware wanda ba mai buƙatarsa da wanda wani sinafshot yake riƙe da shi har yanzu, sannan ya gyara taswirar wurin da ba kowa. Duk ƙananan karatu da rubutu ne a warwatse, kuma diski mai juyawa sau 7200 a minti, irin wannan aikin kusan 100 kawai yake iya yi a daƙiƙa. Masu amfani da sabar suna layi ɗaya da wannan shara.

Buga umarnin zpool get freeing ka ga yawan wurin da ya rage a saki. In lambar ba sifili ba ce kuma tana raguwa, to aiki ake yi a bayan fage, ka ƙyale shi.

Abin da nake so ka duba kafin komai shi ne ko dedup a kunne yake, wato tsarin da ke ajiye buloli masu kama ɗaya sau ɗaya kawai, yana ƙidaya su a wani tebur. Nan na taɓa shan wahala. A wani wuri da na yi aiki muna da sabar ajiya mai dedup, RAM ɗinta kuma bai kai ya ɗauki teburin ba. Kowane bulo yana cin kimanin bayit 320 a teburin nan, kuma duk bulon da za a saki sai an nemo shigarsa an rage ƙidayarta. In teburin ba ya cikin RAM, kowane nema tafiya ce zuwa diski. Na goge sinafshot na wata uku da yamma. Washegari fitilun diski duk a kunne suke ba ƙyaftawa, umarnin ls na jera fayiloli kaɗai sai ka jira shi, lambar freeing kuma tana sauka kamar ɗigon famfo. Wani abokin aiki ya ƙosa ya kashe na'urar ya kunna. Bai rage komai ba: tana tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya, ga RAM an wanke shi tas, sai nauyin ya ƙaru. Don Allah kada ka yi haka.

Batun wuri kuma, lambar USED da ke gaban kowane sinafshot tana nuna abin da shi kaɗai yake riƙe da shi ne. Bulon da sinafshot uku suka haɗu a kai ba zai fita ba sai ukun sun tafi. Kafin gogewa ta gaba, sa -nv a kan zfs destroy, ka haɗa sunan na farko da na ƙarshe da alamar %, zai faɗa maka abin da za ka samu ba tare da ya taɓa komai ba.

Ba ZFS kaɗai ba ne. A Btrfs, wani tsarin fayiloli, btrfs-cleaner ne ke wannan aikin, kuma in qgroups (masu lissafin wurin da kowane sashe ya ci) na kunne yakan ja lokaci sosai. A VMware, manhajar kwamfutocin kwaikwayo, gogewa haɗewa ce, ana zuba canje-canjen cikin diskin asali, shi ya sa su da kansu suke ba da shawarar kada a bar sinafshot ya wuce awa 72.

Ni yanzu ba na bari su taru. Kullum cikin dare, lokacin da ba kowa a kan sabar, ake goge biyar zuwa goma, kuma ba a fara na gaba sai freeing ya koma sifili. Turo mana abin da freeing da zfs get dedup suka nuna maka, da girman RAM ɗinka, mu duba tare.