Ku Tambayi Inna: Kullum Buzu maigadi?

Inna, barka da aiki. Daga Tawa nake. Mu nan gida, da an yi sallar isha'i sai gaban tele, fina-finan Kano muke kallo har a ɗauke wuta. Mahaifiyata Buzuwa ce, malamar makaranta. Amma duk Buzun da aka nuno, maigadi ne bakin ƙofa, da rawani da butar shayi, ana yi wa Hausarsa dariya. Jiya tashi ta yi ta shige ɗaki. In daina kallo?
Wata ɗiyarki, Tawa

Ɗiyata, kada ki daina. Fari na 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi, ya kora makiyaya da yawa birane irin su Kano, wasu suka kama gadi. Shi marubucin fim na can wannan Buzun ya sani, bai taɓa zuwa Abalak, garin Buzaye da ke jihar Tawa, ba. Uzuri ne, amma ya tsufa, balle ma sau da yawa Bahaushe ake naɗa wa rawanin ya kwaikwayi magana. Bafulatani ma haka yake sha, kullum baƙauye.

Masu shirya fim suna karanta Facebook, kuma sun san ƴan Nijar kasuwa ne. Ki rubuta masu da ladabi, ki ce a kawo Buzu likita, kuma Buzu na gaske ya hau. Ki gaida mini malama.